Madubin hangen dare: abin da lambobin da ke jikinsa suke nufi, da inda masu saye suke faɗawa rami

Duk wanda ke yawan zama a TikTok ko YouTube da wuya a ce bai taɓa cin karo da bidiyon nan ba: allo baƙi ƙirin, sai ga wasu dabbobi farare fat suna tonon ƙasa a cikin gona, ga alamar saiti a tsakiya tana bin su. Yawancin irin waɗannan bidiyoyi daga jihar Texas ta Amurka suke fitowa. Aladun daji sun zame wa manoman ƙasar annoba, domin yawansu ya haura miliyan 6, kuma Texas ce ta fi kowace jiha yawansu. Tun daga 2019 ma jihar ta daina neman lasisin farauta ga wanda zai kashe su a gonar da mai ita ya ba shi izini. Tun da dabbobin sun fi fitowa da dare, sai kasuwar madubin bindiga mai gani a duhu ta buɗe a can.

Daga kallon bidiyon sai matashi ya zarce shagunan intanet, ya tarar da na'urori iri-iri, kowace da manyan lambobi a jikinta, wata ma kuɗinta bai kai na ƙaramar wayar Tecno ba. A nan ne kuɗi ke salwanta, domin lambar da ta fi jan ido ita ce ta fi rashin amfani idan rana ta faɗi.

A ƙasar Hausa ɗan'uwan waccan dabba shi ne gadu, wanda wasu ke kira mugun dawa. Musulmi ba ya cin namansa, don haka abin da ke haɗa shi da mutane ɓarnar gona ce: ya tone gyaɗa, ya tone rogo da dankali. Asalinsa dabbar rana ce, wanda ya je Yankari ya gan su suna yawo tsakanin ɗakunan baƙi tsakar rana. Amma inda ake takura masa sai ya koma fitowa da magariba ko da duku-duku. A kewayen birnin Katsina kuwa yau da wuya a gan shi. Wanda ya fi buƙatar gani a duhu a nan shi ne manomin da ke kwana gadin amfanin gonarsa, da mai garke, da mai gadin wani fili a bayan gari. Lissafin duk ɗaya ne, ko madubin na kan bindiga ne, ko na riƙewa a hannu mai ido biyu.

Lambobi biyu da alamar x a tsakani

A jikin kowane madubin hangen nesa akwai rubutu kamar 8x42, ko 7x50, ko 3-9x40. Lambar farko ita ce yawan zuƙowa: 8x na nufin abin da ke nisan mita 80 zai bayyana kamar yana mita 10. Idan an rubuta 3-9x, ana iya murɗa shi daga ninki 3 zuwa ninki 9. Lamba ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne a ma'aunin milimita, wato ƙofar da haske ke shigowa ta cikinta.

Abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba shi ne lamba ta uku, wadda ba a rubutawa, sai dai mai saye ya fitar da ita da kansa. A raba faɗin gilashin gaba da yawan zuƙowa. Abin da ya fito shi ne faɗin ɗigon hasken da ke fitowa ta baya ya shiga ido. Madubi mai 7x50 yana fitar da ɗigo mai milimita 7 da 'yan kai. Mai 8x42 yana ba da kusan 5.3. Ƙaramin nan na aljihu mai 10x25 kuwa 2.5 kacal yake bayarwa.

Me ya sa wannan ya zama abin damuwa? Saboda baƙin ɗigon da ke tsakiyar idon mutum shi ma ƙofa ce mai buɗewa da tsukewa. Da rana tsaka yakan tsuke zuwa milimita 2 ko 3. A duhu yakan buɗe har kusan 7 ga matashi, ga dattijo kuma ya tsaya wajen 5. Shi ya sa da rana a cikin kasuwa, madubi mai araha da mai tsada duk suke ba da hoto tangaram: idon ya tsuke, ɗan hasken da kowanne ya kawo ya ishe shi. Da zarar an kira magariba sai ido ya buɗe yana neman haske, madubin mai ɗigo 2.5 kuma ba shi da abin da zai ba shi. Mutum ya ɗaga ya duba, ya ga abin ya fi duhu a kan yadda yake gani da idonsa kawai.

Wannan lissafi ne ya sa mafarautan Jamus, waɗanda suka daɗe suna dakon aladun daji a farin wata, suka riƙe 8x56 a matsayin ma'auninsu. 56 a raba 8 ya ba da 7 cif, daidai da buɗewar ido. Gilashi mai milimita 56 kuma yana tara haske kusan ninki biyu na mai milimita 40, domin faɗin fili ake lissafawa, ba tsawon layi ba.

Ga wanda madubinsa mai murɗawa ne, dabarar a bayyane take. Mai 3-9x40 idan aka kai shi 9, ɗigon ya koma 4.4. Idan aka dawo da shi 6, ya zama 6.7. Wato da duhu ya fara shigowa rage zuƙowa ake yi, alhali zuciyar mutum ƙarawa take ce masa ya yi. Dogon madubin nan mai 6-24x50 da ke burge samari a hoto, idan aka ƙure shi ɗigon hasken bai wuce milimita 2 ba sai da kaɗan. Don harbin allo da rana aka ƙera shi.

Masu waya sun riga sun san wannan ciwo ta wata hanyar. Tun da Samsung ta fito da Galaxy S20 Ultra a 2020 da rubutun 100x a bayanta, aka shiga gasar lambar zuƙowa. Amma wanda ya taɓa ƙure zum da dare ya san abin da ke fitowa: wani hoto mai kama da kunun da aka zubar. Abin da ke gyara hoton dare a waya shi ne girman sensa da faɗin ƙofar kyamara. Haka abin yake a madubi.

Lambobin ƙarya

Akwai ƙananan madubai da ake rubuta wa 30x60, ko 60x60, har da 80x80, alhali duk girmansu bai wuce tafin hannu ba. Ba a buƙatar gardama da mai shago. A sa rula a auna gilashin gaba. Idan an rubuta 60 amma rula ta nuna 21 ko 25, magana ta ƙare. Sannan a riƙe madubin nesa da fuska, kamar tsawon hannu, a fuskanci sararin sama mai haske, ban da rana kanta, domin kallon rana ta madubi yana makantarwa. Za a ga ɗigon haske a gilashin baya. A auna shi, a raba faɗin gilashin gaba da shi, abin da ya fito shi ne zuƙowar gaskiya. Sau da yawa 8 ce take fitowa.

Ko da ma lambar gaskiya ce, duk abin da ya wuce 10x hannu ba ya iya riƙe shi ba tare da hoton yana rawa ba, sai an ɗora shi a kan wani abu.

Siffar ɗigon ma tana magana. Idan zagaye ne tsaf, gilashin da ke ciki mai kyau ne. Idan gefensa ya yi kusurwa huɗu da ɗan duhu-duhu, an yi amfani da mai araha, wani hasken yana zubewa a hanya.

Shafin da ke kan gilashi

Gilashin da ba a shafa masa komai ba yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya dake shi, a kowace fuska. Abin kamar kaɗan ne, sai an tuna cewa a cikin madubi ɗaya akwai gilasai da yawa a jere, kowanne da fuska biyu. Gilasai shida, fuska goma sha biyu, kusan kashi 40 na hasken ya tafi kafin ya isa ido. A 1935 ne Alexander Smakula, wani masani a kamfanin Carl Zeiss na Jamus, ya samo hanyar shafa wa gilashi wani siririn sinadari da ke rage wannan asara. Madubai masu kyau na yau suna wuce da fiye da kashi 90.

A nan ne bambancin kuɗi yake na gaskiya. Madubai biyu za su iya zama 8x56 dukansu, ɗaya ya ninka ɗaya kuɗi sau goma, kuma mai tsadar bai cuci kowa ba. A kan kwali, rubutun Coated kaɗai na iya nufin fuska ɗaya tak aka shafa. Fully Multi-Coated shi ne ke nufin an shafa kowace fuska, shafi a kan shafi. Da ido ma ana ganewa: a leƙa gilashin gaba, idan ya yi duhu-duhu da ɗan kore ko shunayya, mutum ba ya ganin fuskarsa sosai a ciki, haske yana shiga. Idan kuwa ja ne jawur ko ruwan lemo yana ƙyalli kamar madubin kwalliya, wannan ƙyallin hasken da ya kamata ya shiga ne yake dawowa waje. Abin takaici, irin jajayen nan ne ake yawan tallatawa da sunan masu gani da dare.

A madubin bindiga akwai ƙarin abu guda: alamar saitin da ke ciki baƙa ce, a kan baƙar dabba da magariba sai ta ɓace. Shi ya sa ake yin masu ɗan jan ɗigo mai aiki da batirin CR2032, irin mai kama da kwabo da ke cikin kwamfuta. Abin dubawa shi ne ko hasken yana raguwa sosai. Mai araha ko an kai shi ƙasa yana haskawa har ya rufe abin da ake kallo. Kaurin bututun kuwa, ko milimita 30 ne ko inci ɗaya, ba ya ƙara haske, duk da ana yawan faɗin haka.

Magaribarmu gajera ce

Akwai abin da tallan Turai ba zai gaya wa mutumin Katsina ba. Birnin yana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, inda rana ke faɗawa kusan a tsaye. Daga faɗuwarta zuwa lokacin da ido ke daina rarrabe abubuwa sosai minti ashirin da 'yan kai ne. A Berlin a watan Yuni wannan tsakanin yana kusan minti hamsin, kuma sararin sama ba ya yin baƙi ƙirin har gari ya waye. Bajamushen da ya zuba kuɗi a gilashi mai tsada yana cin moriyarsa na dogon lokaci kowane dare. A nan ribar 'yan mintuna ce da magariba, 'yan mintuna da asuba, sai kuma dararen farin wata. Idan hunturu ya shigo da hazo, ƙurar da ke iska tana watsa hasken, zuƙowa kuma ƙurar take ƙara zuƙowa.

Gilashi, komai tsadarsa, tara haske yake yi, ba ya ƙirƙirarsa. Daren da babu wata, sai dai lantarki.

Na'urar dijital da na'urar zafi

Mafi araha a cikin masu lantarki ita ce ta dijital. Kyamara ce kawai mai sensa irin ta waya, da ƙaramin allo a ciki, da tocila mai fitar da hasken infirared wanda idon mutum ba ya gani. Irin aikin da kyamarar CCTV ke yi ke nan idan ta koma baƙi da fari da dare. Mai son ya ga wannan haske ya ɗauki rimot ɗin talabijin ya nuna wa kyamarar gaba ta wayarsa ya danna, a yawancin wayoyi zai ga ɗan haske ruwan hoda yana ƙiftawa.

Tocilar iri biyu ce. Mai 850nm tana kai wa nesa, amma bakinta yana yin ɗan ja da ake iya hangowa. Mai 940nm ba a ganin komai, sai dai ba ta kai nisan ta farko. Iyakar tocila ita ce iyakar gani, kuma duk wanda ke da irin na'urar a ɗaya gefen yana hango mai ita kamar ya kunna fitilar mota. Manhajojin da ke Play Store masu cewa suna mayar da waya na'urar ganin dare kuwa, rina hoton suke yi kore, su cika allo da talla. Koren nan na finafinan yaƙi daga wata fasaha daban yake, bututu mai ninka ɗan hasken taurari, kuma mafi ingancinsa Amurka ba ta barin a fitar da shi daga ƙasarta sai da izini.

Fararen aladun cikin bidiyon Texas aikin na'urar zafi ne, wadda ake kira tamal. Ita ba haske take nema ba, zafin da jiki ke fitarwa take karantawa, don haka ba ruwanta da wata ko tocila. Gilashin gabanta ma ba gilashi ba ne, da wani ma'adini mai suna jamaniyum ake yin sa, domin gilashin taga yana tare irin wannan zafi. Wanda ya leƙa da ita ta gilashin mota inuwar kansa zai gani. Pulsar, FLIR, Hikmicro da InfiRay suna cikin sunayen da aka sani. Ta shigo waya ma: Cat S60 ta 2016 ita ce wayar farko da ta zo da kyamarar zafi a jikinta, yanzu kuma akwai ƙananan da ake soka wa waya ta wurin caji. Waɗannan suna da amfani ga mai gyaran waya da ke neman inda ke zafi a kan allon injin, ko mai aikin wayarin, amma ba don hangen nesa aka yi su ba.

Lambar dubawa a tamal ita ce ta sensa: 256x192, ko 384x288, ko 640x512. A lura, masu talla sukan rubuta lambar allon da ke ciki da manyan baƙaƙe, su ɓoye ta sensa a ƙasa. Sai wata lamba mai mK a ƙarshe, wadda ke nuna ƙanƙantar bambancin zafin da na'urar ke iya ganewa. A nan ƙaramar lamba ce ta fi. Mai kyau a cikinsu kuɗinta na iya kai na sabon babur.

Yanayin nan ma yana da nasa hukuncin. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, duwatsu da suri da katangar ƙasa suna riƙe zafin rana har cikin dare, duk su yi fari a allo kamar dabbobi. Sai can wajen asuba, ƙasa ta huce, hoton yake fita sosai. Da damina kuma, lokacin da ɓarnar gona take, dawa ta fi mutum tsayi, tamal kuwa ba ta ratsa kara da ganye. Nisan mita dubu da aka rubuta a kwali ba shi da wurin aiki a cikin gonar dawa.

Hango abu daban, gane shi daban

Wannan nisan da ake rubutawa ma nisan hangowa ne kawai. Tun 1958 wani masanin rundunar sojan Amurka mai suna John Johnson ya fitar da ma'aunin da ake bi har yau: ɗigon fiksel biyu sun isa a san akwai wani abu a wurin, amma kafin a tabbatar ko mene ne sai an sami goma sha biyu ko fiye. Wato na'urar da ke hango abu a mita 1,000 ba za ta tantance shi ba sai ya matso ƙasa da mita 200.

A tsakanin nan kuwa, gadu da akuya da ɗan maraƙi da yaron da ya tsuguna a bakin gona duk farin dunƙule ɗaya ne. Tamal ba ta nuna fuska, ba ta nuna launin riga. Wannan ne ya sa ɗaura madubi a kan bindiga don a riƙa leƙe-leƙe da shi ya zama mummunar ɗabi'a ko a ƙasashen da farautar dare take halal a doka: duk abin da mutum ya kalla, bakin bindiga yana kansa. Mafarautan da suka san aikinsu da na hannu suke dubawa.

A Najeriya ma maganar ba ta kai nan ba sai an wuce doka. Dokar makamai ta ƙasa ta kasa bindigogi gida uku: irin na soja da fistol sai da izinin shugaban ƙasa, na farauta na zamani sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, adaka da danginta kuma kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da izininsu. Adakar da mafarautan gargajiya ke riƙewa ba ta da wurin ɗaura madubi, ba kuma ta kai nisan da zai yi amfani. Kayan ganin dare da jirage marasa matuƙa suna cikin abubuwan da ake neman takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro kafin a shigo da su, don haka wanda ya yi oda kai tsaye daga waje yana iya rasa kayan a hannun kwastam, ya kuma sha tambayoyi.

Sai halin da ake ciki. Dajin Rugu, da a da mafarauta ke shiga, yau sunansa da 'yan bindiga ake haɗa shi. Matashin da aka tare a shingen bincike a hanyar Batsari ko Jibiya da na'urar ganin dare a jaka, bayanin cewa a TikTok ya gani ba zai yi masa saurin aiki ba. Mutanen arewa ba su manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, bayan an ga bindigogin gargajiya a motarsu.

Ga mai gadin gona ko garke, madubin hannu mai 7x50 ko 8x42 da shafi mai kyau, da tocila mai ƙarfi, sun ɗauke mafi yawan buƙata. A gwada shi tsakanin magariba da isha kafin a biya, ba da rana ba. Idon kansa ma yana buƙatar minti 20 zuwa 30 a duhu kafin ya kai ƙarshen ganinsa, kuma leƙa WhatsApp sau ɗaya da allo mai haske yana mayar da shi baya. Idan dole ne a duba waya, a rage hasken zuwa ƙarshe, a rufe ido ɗaya.

Wanda kuma abin da yake so shi ne ya san mene ne ke shigar masa gona, akwai ƙaramar kyamarar da ake ɗaurewa a jikin itace. Tana da sensa mai jin motsin jiki mai ɗumi, ta ɗauki hoto da infirared, ta ajiye a memori da kwanan wata da lokaci. Wasu suna da gurbin layin waya, su turo hoton kai tsaye idan akwai sabis a wurin. Yawancinsu da batiran AA suke aiki, wasu kuma ana haɗa su da ƙaramin faifan sola. A ɗaure ta daidai tsayin gwiwa zuwa ƙugu, a juya fuskarta arewa ko kudu don kada fitowar rana da faɗuwarta su riƙa tayar da ita, a kuma share ciyawar da ke gabanta, in ba haka ba iska kaɗai za ta cika memorin da hotunan ganye kafin safiya.